Mutumin da Na Rubuta Ya Warke

Shekara biyar na yi ina yi wa wani inji hidima a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na babban birni, kuma har yau in na tuna ɗakin nan mai sanyi sai raina ya ɓaci. Injin bai yi mini komai ba. Shi abin da aka zuba masa yake aunawa, ba ya ƙari ba ya ragi. Mutanen da ke kewaye da shi nake jin haushi, kuma ni ma ina cikinsu. Da hannuna na rubuta cewa wani mai haƙar rijiya na wajen Sae Sabuwa, a ƙasar Gidan Rumji, ya warke, alhali kwana huɗu suka rage masa a duniya. Kalma ɗaya ce a kan takarda, amma sai da na yi faɗa da labo guda a kan a goge ta.

Bari in fara da aikin, don a gida Gazawa duk wanda na ce wa a labo nake sai ya miƙo mini yatsa in auna masa zazzaɓin sauro. Namu ba wannan ba ne. Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, jininsa yakan ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin makamai masu kama ta su riƙe. Mu a labo antikor muke ce musu. Mutum ɗaya yana ƙera iri dubbai, amma yawancinsu 'yan rakiya ne, masu kamun gaske kaɗan ne. Aikinmu shi ne mu ware ƙwayoyin jinin da ke ƙera su ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata antikor ba gauraye, sannan mu gwada kowanne a kan ɓallin rigar ƙwayar cutar mu ga wanda zai maƙale. Ana gwajin a kan farantin roba da bai fi tafin hannu ba, mai gurabe ɗari uku da tamanin da huɗu a jere kamar gurbin dara. Injin yana da hannu mai bakuna da yawa. Ya ɗiga, ya wanke, ya sake ɗigawa, faranti bisa faranti, tun safe har la'asar. Gurbin da antikor ya yi kamu sai ya koma ɗorawa, wanda bai yi ba ya zauna fari. Wanda ya fi kowanne kamu shi ake fatan wata rana ya zama magani. Ni ce mai jera farantai, mai cika kwalabe, mai share wa injin baki in ya toshe, kuma ina son aikin, ba zan ɓoye ba.

Wata shekara bayan damina, wani zazzaɓi mai zuwa da shawara ya ratsa ƙauyukan Gidan Rumji. Ya kwashi wasu ya bar wasu. Shef ɗinmu, wato shugaban labo, wani dattijon likita mai magana a hankali kamar ba ya son a ji, ya ce jinin waɗanda suka warke muke so, don wanda ya yi kokawa da cuta ya kada ta shi ke ɗauke da makaman da suka yi aiki. Aka ce ni zan je ɗiba, wai tunda yarenmu ne. A wurinsu daga Gazawa har Gidan Rumji tsakar gida ɗaya ce. Ban yi gardama ba, don na yi marmarin gida.

Akwai takardar tambayoyi da ake cika wa kowane mutum, mu fish muke ce mata. Da Faransanci aka rubuta ta, sai wani matashin dokta da ya dawo daga karatu waje ya ɗauki nauyin juya ta zuwa Hausa. Hausarsa ta sayen tumatir ce a kasuwa, amma wa ya isa ya faɗa masa? Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko mutum ya warke. Shi kuwa ya rubuta: "Ka samu sauƙi?" A ƙasa akwatuna biyu, i da a'a. A gefen akwatin i an buga kalmar Faransanci, geri, wato ya warke.

A taron da aka yi kafin tafiya na ɗaga hannu.

"Dokta, wannan tambayar ba ta da a'a," na ce.

"Kamar yaya ba ta da a'a, Madam? Ga akwatin nan."

"Akwatin yana nan, amma ba mai shigarsa. Mutumenmu ko ana tofa masa addu'ar ƙarshe, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Godiya ce yake yi wa Allah, ba labarin jikinsa yake ba ka ba."

Suka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa baƙauye in ya kawo wani abin ban sha'awa daga garinsu. Shef ya dubi agogo ya ce an riga an buga takardun, ba lokacin sake bugu. "Ki yi amfani da idonki, Madam. Don haka muka zaɓe ki." Ni kuma na ji daɗin yabon, na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ban raba shi da kowa ba.

Mun isa ƙauyen da hantsi, ni da direba da glasiya biyu, akwatunan ƙanƙara na ajiye jini. Maigari ya sa an yi shela tun jiya. Mu mun aika cewa waɗanda suka warke muke nema, shela kuwa ta ce likitoci na zuwa wajen waɗanda zazzaɓin ya kama. Gindin bishiyar bedin ƙofar maigari ya cika maƙil. Jinin da za a tsamo ƙwayoyi daga cikinsa ba ya son zafi kuma ba ya son jira, dole ya isa Maradi kafin la'asar a tace shi a daskarar, in ba haka ba an yi wahalar banza. An ce mini kwalba arba'in ake so daga wannan ƙauyen. Direba ya dubi rana ya dube ni, ya sake duban rana. Shef ya kira salulata sau biyu kafin azahar yana tambayar nawa na samu.

Can wajen ƙarshen layi mai haƙar rijiyar ya iso. Dogon dattijo ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda igiya. Yana riƙe da sanda kamar ta ado ce, amma na ga yadda ya sakar mata nauyinsa kafin ya zauna a benci. Da ya ɗago kai, farin idonsa ya yi ɗorawa shar. Na gani. Ba zan ce rana ce ta kashe mini ido ba, a inuwa muke.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Da sauƙi, Alhamdu lillahi."

Na karanta masa tambayar yadda aka rubuta ta. "Ka samu sauƙi?"

"Sauƙi kam an samu, sai godiya."

Alƙalamina na bik ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Na dubi glasiya, saura kwalba biyar babu komai a ciki, layi kuma saura mutum huɗu. Na sa alama a akwatin i.

Na ɗaura masa roba a dantse ina lalube, sai ya yi dariya.

"Mi kike biɗa haka? Jijiya? Sauko ƙasa kaɗan. Shekara talatin ina biɗar jijiyar ruwa cikin ƙasa, ta jikina ba ta ɓace mani."

Ya kama yatsana ya ɗora, kuma nan take na ji ta. Fatarsa da zafi rau. Wannan ma na ji shi. Da kwalbar ta cika na danna masa auduga, sai ya rage murya don kada na bayansa su ji.

"Ba a ba da ko 'yar ƙwaya?"

"Yau jini kawai muke ɗiba, Baba. In ka ji jikin ya matsa ka je likita Gidan Rumji."

Da baki na faɗa, idona yana kan na bayansa. Na yage gindin fish ɗin, wanda ake ba kowa ya riƙe, mai ɗauke da lambarsa da kwafin akwatin da na cika, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya sa mini albarka. Mun shiga Maradi kafin la'asar, kuma shef ya yaba mini a gaban kowa da na koma.

Wata bakwai muka yi a kan jinin tafiyar nan. Wanda bai yi aikin ba ba zai san yadda farin faranti ke cin rai ba. Ka jera, inji ya yi ta ƙugi yini guda, ka ɗauko ka ga gurabe fari fat, sai ɗaya ko biyu da suka yi ɗan dishi-dishi, su ma in an sake gwadawa su noƙe. Matashin dokta ya fara cewa ko ba a riƙe jinin da kyau a hanya ba, yana faɗa yana kallon silin, amma kowa ya san da wa yake. Sai wata Talata na ɗauko faranti na ga layi guda ya yi ɗorawa, na ƙasansa ma haka. Na ɗauka kuskure na yi wajen zuba ruwan gwaji. Muka sake, haka. Muka tsarma antikor ɗin da ruwa har ya kusa zama ruwa zalla, guda ɗaya a cikinsu ya ƙi saki. Duk daga kwalba ɗaya suka fito.

Ranar labo ya zama gidan suna. Shef ya aika aka sayo gasasshen nama da lemo, matashin dokta yana ta ɗaukar hoton allon ordinata, wato kwamfuta, ana ta kiran abokan aiki na ƙasashen waje. Suka sa wa mai lambar suna gwarzo. "Jikin wannan mutumin ya iya faɗa," in ji shef. "Madam, ki koma ki nemo mana shi. Ki lallashe shi, muna son ƙarin jini."

Na buɗe kayena, littafin da nake rubuta bayanan mutane, na duba lambar. Namiji, shekara wajen sittin, sana'a haƙar rijiya. Na tuna idonsa, na ajiye naman da ke hannuna. Amma tun daga babban birni har Maradi ina yi wa kaina ƙarya a mota, ina cewa ai ga shaida nan inji ya bayar, mai irin wannan jinin ba ya faɗuwa.

Bazara ce, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Daga Gidan Rumji na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. A ƙofar gidan na tarar da ƙanensa yana gyaran ƙafar amalanke. Muka gaisa, na ce ni ce likitar da ta ɗebi jini bayan damina, na zo wajen mai haƙar rijiya. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Shi kike biɗa? Ai ya riga mu gidan gaskiya. Kwana huɗu bayan da kunka tahi."

Na yi salati, na yi masa gaisuwa, ya kai ni ciki wajen matar. 'Yar siririyar tsohuwa ce, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Na ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ce da godiya. Da na tsaya nan da na tafi da ɗan sauran mutuncina a wurin kaina, amma bakina ya tambaya ko an kai shi likita. Ƙanen ne ya amsa.

"Kwana biyu bayan zuwanku jiki yam matsa. Na ɗaura jaki ga amalanke, nac ce mu tahi Gidan Rumji. Sai yaf fiddo takardar da kunka ba shi, yac ce a kira mushen lakol, malamin makaranta, shi karanta muna. Mushe yad duba, yac ce an rubuta ya warke. Shi ke nan hwa. Yac ce likitocin birni sun gane shi da idonsu, sun ɗebi jini nai, sun rubuta ya warke, mi za shi kai shi Gidan Rumji shi wahal da jaki? Saura ce ta ciwo, za ta hita. Munka yi munka yi, yaƙ ƙiya."

Babu zargi a muryarsa, labari kawai yake ba ni. Da ya zage ni da ya fi mini. Matar ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da takardar a cikin wata leda, ta miƙo mini ko ina bukatarta. Ga alamar bik ɗina nan, shuɗiya, a karkace saboda sauri. Na ce ta riƙe abarta. Ban gaya musu komai ba, na yi addu'a na hau kabu-kabu.

Da na koma ban ko ajiye jaka ba na shiga buron shef, wato ofishinsa. Matashin dokta yana ciki. Na faɗa musu duka: mutumin ya rasu, ranar da na ɗebi jininsa yana cikin ciwon tsundum, kuma takardarmu ce ta hana shi zuwa likita. Ina rufe baki sai matashin nan ya buga tebur, fuskarsa ta washe.

"Shi ya sa! Yana tsakiyar ciwon, lokacin ƙwayoyin suka fi yawa a jini. Shi ya sa muka samu irin wannan kamun!"

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa mutum nake gaya maka ya mutu, kai kana murnar ka gane lissafi? Na ce wannan da kuke kira gwarzo kuka ci nama a kansa, da kuna cin naman ya yi wata bakwai a ƙasa. Na ce tambayarka ce, ta Hausar tumatir, da na gaya maka ba ta da a'a kuka yi mini dariya. Ya ce shi bai ɗebi jinin kowa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona ni.

Shef ya bari na gama, ya ce in zauna. Ya yi ta'aziyya kamar ni ce mai mutuwar. Sannan ya tambaya me nake so.

"A goge geri, Shef. A rubuta yana da ciwo ranar da aka ɗebi jininsa, kuma ya rasu bayan kwana huɗu."

Ya ce akwai hanya mai sauƙi. Duk wanda aka koma nema ba a samu ba, akwai abin da ake rubutawa: an neme shi ba a gan shi ba. Ba ƙarya ba ce, in ji shi, ai kin neme shi ba ki gan shi ba. Na ce mutumin bai ɓace ba, duk ƙauyen sun san inda yake kwance, in ana so in kai su. Wai an neme shi ba a gan shi ba, sai ka ce akuya.

Ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce in ana son a taɓa akwatin nan, sai an rubuta rahoto zuwa ga kwamitin da ke sa ido a kan binciken, a bayyana yadda aka yi aka ɗebi jinin marar lafiya aka sallame shi ba a tura shi likita ba, kuma wanda ya yi kuskuren shi zai sa hannu. "Ki yi tunani, Madam. Takardar aikinki ta shekara-shekara ce." A hankali ya faɗa, kamar mai ba ni shawarar uwa da uba.

Na rubuta rahoton a yini ɗaya. Na sa nawa laifin, ban rage ko ɗaya ba: idon da na gani, zafin da na ji, kwalba biyar da suka rage. Na kuma sa nasu: tambayar, taron da na yi magana, kiran salula biyu kafin azahar. Washegari shef ya dawo mini da shi, ya ja jan layi a kan duk inda ba sunana. Ya ce tambayar kwamiti ya riga ya amince da ita, ba za a tono wannan ba, kuma ai a gaban kowa ya ce in yi amfani da idona. Ashe yabon nan da na ji daɗinsa igiya ce aka ba ni in riƙe. Zaɓi biyu ya rage: ko in ɗauki kayan ni kaɗai a gyara kalmar, ko in yi shiru mutumin ya ci gaba da warkewa a takarda.

Sati uku rahoton yana cikin jakata. Ina gaya wa abokan aiki cewa ba zan sa hannu a kan rabin gaskiya ba, suna jinjina mini. Ƙarya nake yi, tsoro ne. Ina son aikina, ina son ɗakin nan mai sanyi, ina son in je Gazawa da salla a ce ga 'yar labo ta zo. A cikin satin nan uku injin bai tsaya ba. Kullum sai na jera farantai masu lambar mutumin nan, don yanzu antikor ɗinsa ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, a kowane faranti yana da gurbinsa a kusurwa. Kullum gurbin ya yi ɗorawa. Aka fara rubuta bayanin da za a aika waje, na leƙa allon matashin dokta na ga jimlar: an samo shi daga jinin wani dattijo da ya warke sarai. Har da sarai. Shi ya ƙara wannan daga aljihunsa, don jimlar ta yi daɗi.

Ranar na fiddo rahoton na sa hannu a kan wanda aka ja wa jan layi, na kai wa shef na ajiye a gabansa. Ya dube ni kamar na ba shi kunya. Na tsaya a kansa har sai da ya buɗe ordinata, na ga an cire geri an rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru. Bai ɗauki minti biyu ba.

Kwamiti ya kira ni, na amsa abin da aka tambaye ni. Da na fara maganar tambayar sai aka ce ba ita ke gabansu ba. Binciken ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba, antikor ɗin ya tafi waje, kuma ina roƙon Allah ya sa ya zama magani, don mai shi ya biya shi da tsada. Da za a je ɗiba a ƙauyukan Agye sai ga sabuwar fish, an sake tambayar, yanzu ana duba ido ana auna zafi kafin a taɓa akwati. Ba wanda ya ce ga dalili, ba wanda ya ce Madam kin yi gaskiya. Ƙarshen shekara takardar aikina ta ƙare, ba a sabunta ba. Shef ya rubuta mini takardar shaida mai kyau, har da cewa ina da himma. Na dawo Gazawa, yanzu a wani ƙaramin gidan likita nake, ina auna zazzaɓin sauro, kamar yadda mutanen garinmu suka daɗe suna zato.

Bayan na dawo na sake zuwa ƙauyen, don a ganina matar tana da hakkin ta ji. A hanya ina ta shirya yadda zan faɗa, kuma in faɗi gaskiya ina ɗan jin kaina, ni wadda ta rasa aiki saboda mijinta. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, na zauna na ja kwaryar ina taya ta.

"Inna, takardar nan da anka rubuta ya warke, an gyara ta. Yanzu an rubuta gaskiya."

"Wace takarda? Tawa tana ɗaka."

"Ta can birni, babbar."

"To," ta ce. Ta ci gaba da ɓara. Ta birni ba ta dame ta ba, kuma me zai sa ta dame ta? Can ta ɗago ta dube ni.

"Ɗiyata, in tambaye ki. Ran nan da kinka ɗebi jini nai, kin gane ba shi da lahiya?"

Duk abin da na shirya ya watse. Ina iya kawo mata taron, da matashin dokta, da rana, da direba, duk gaskiya ne kuma suna bakina.

"Na gani, Inna."

Ta watsa ɓawon da ke cinyarta, ta ɗebo wata gyaɗar.

"Shi ko da yad dawo ranar yabonki yaka yi," ta ce. "Yac ce ɗiyar mutane ta, ta san girman manya, hannunta ko zahi babu."